Aikin Cire Tsakuwa Daga Ƙoda: Gyara Ya Ke Yi Ko Ɓarna?

Idan likita ya duba mutum ya ce masa, akwai tsakuwa a ƙodarka, sai an yi maka aiki, abin da ke fara faɗo wa mutumin nan a rai shi ne, to, in an taɓa ƙodar za ta ƙara moruwa kuwa? Sai dangi su taru, wannan ya ce kada ka yarda a sa maka wuƙa, wancan ya ce ai ya san mai saiwar da ke narkar da tsakuwa. Da haka sai a kwashe wata da watanni ana jan ƙafa. Tun da ya ke mu da ke cikin kwalejin nan gobe mu ne malaman da mutanen gari za su riƙa kawo wa irin wannan tambaya, ya kamata mu san amsarta sosai. Ga ta a taƙaice: ɓarnar da aiki ke yi wa ƙoda 'yar kaɗan ce, yawancinta kuma ta kan warke. Ɓarnar da tsakuwa ke yi in an bar ta ta toshe hanya ita ce babba, in ta daɗe kuwa ba ta gyaruwa.

Aikin da ƙoda ke yi

Kowane mutum yana da ƙoda biyu, suna kwance can wajen baya, ƙarƙashin haƙarƙari, ɗaya dama ɗaya hagun. Tsawon kowace wajen santimita 11 ne, nauyinta kuwa kamar giram 150. Cikin naman kowace ƙoda akwai waɗansu 'yan ƙananan matatu wajen miliyan 1, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Su ne ke tace jini dare da rana. Ruwan da su ke tacewa a kwana guda ya kai lita 180, watau garwa 10 ke nan. Amma kusan dukansa sai su sake mai da shi cikin jini, su bar dauɗa da rarar gishiri cikin ɗan ruwa kamar lita 1 da rabi. Shi ne fitsari. Ban da wannan, ƙoda tana da hannu wajen daidaita bugun jini don kada ya hau, da sa jiki ya ƙera jan jini, da ƙarfafa ƙashi.

Abu ɗaya da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, matatun nan tun mutum yana cikin mahaifiyarsa a ke gama halittarsu. Wadda ta mutu ta mutu ke nan, wata ba ta tsirowa a gurbinta. Saboda haka duk maganar aikin ƙoda maganar lissafi ce: matatu nawa aiki zai ci, nawa kuma tsakuwa za ta ci in an ƙyale ta?

Fitsarin da matatu su ka tace ya kan taru cikin wani ɗan kwarmi a tsakiyar ƙoda, sa'an nan ya gangara ta wani siririn bututu zuwa mafitsara. Tsawon bututun nan santimita 25 zuwa 30 ne, amma faɗin cikinsa bai wuce milimita 3 ko 4 ba. A nan ne wahalar ta ke.

Yadda tsakuwa ke cin ƙoda

Wanda ya taɓa ganin yadda kanwa ke fitowa a bakin tafki bayan ruwa ya janye ya ga yadda tsakuwa ke samuwa. In ruwan jiki ya yi ƙaranci, fitsari ya yi kauri, sai gishirin da ke narke cikinsa ya fara daskarewa, ƙwaya bisa ƙwaya, har ya zama dutse. Cikin tsakuwa 10, wajen 8 na sinadarin kalsiyam ne. Akwai kuma wadda ƙwayoyin cuta ke haddasawa in sun zauna cikin hanyar fitsari.

Tsakuwar da ba ta wuce milimita 5 ba, watau kamar ƙwayar dawa, yawanci ta kan fita da kanta tare da fitsari, ko da ya ke mai ita ya kan sha azaba. Wadda ta wuce milimita 10, kamar ƙwayar gyaɗa, da wuya ta fita. In ta maƙale cikin bututu, sai ta zama kamar an datse hanyar ruwa a lambu. Ƙoda ba ta daina yin fitsari nan da nan, ga shi kuwa babu mafita, sai ya koma baya ya kumbura kwarmin, ya matse naman ƙoda, jinin da ke shiga ya ragu. Kullum matatu na mutuwa kaɗan kaɗan, nama na sirancewa, har a wayi gari ƙoda ta zama kamar salka, fata cike da ruwa.

A shekarar 1971 waɗansu likitoci a Amurka su ka gwada abin ga karnuka. Su ka ɗaure bututun ƙoda guda, su ka kwance bayan wani lokaci don su ga abin da zai dawo. Wadda aka kwance bayan mako 1 ta farfaɗo sarai. Bayan mako 2, kashi 70 cikin 100 na aikinta ya dawo. Bayan mako 4, kashi 30 kaɗai. Bayan mako 6 kuwa, babu abin da ya dawo. Ga ɗan Adam an sha ganin ƙodar da ta farfaɗo bayan ta fi haka daɗewa, domin sau da yawa tsakuwa ba ta rufe hanya ruf, ɗan fitsari na tsiyaya ta gefe. Duk da haka darasin a fili ya ke: da makonni a ke ƙidayar ran ƙodar da ta toshe.

Ga wani abin da ke ruɗin mutane. Ciwon nan mai sa babban mutum birgima ba ya dawwama. Bayan 'yan kwanaki ya kan lafa, ko da tsakuwar tana nan daram, domin ƙodar ta gaji ta rage yin fitsari. Sai maras lafiya ya ce alhamdu lillahi, maganin da na sha ya yi aiki. Fitsari kuma yana zuwa kamar kullum, don ɗaya ƙodar ta ɗauki nauyin. Alhali kuwa 'yar'uwarta tana can tana mutuwa shiru. Lafawar ciwo ba shaida ba ce tsakuwa ta fita. Shaida biyu ce kawai, ko mutum ya ga tsakuwar da idonsa, ko hoton asibiti ya nuna hanya ta buɗe.

In kuma ƙwayoyin cuta su ka shiga ƙodar da ta toshe, fitsarin da ya taru sai ya zama mugunya, dafin ya shiga jini. Alamarsa ciwon kwiɓi tare da zazzaɓi da rawar ɗari. Wannan ba ya jiran gobe, yana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Likita ba zai ma taɓa tsakuwar ba tukuna, sai ya fara zura ɗan bututu ya zubar da mugunyar, ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, in jiki ya yi sanyi sa'an nan a koma kan dutsen.

Akwai kuma wata babbar tsakuwa mai rassa kamar citta, wadda ke cika kwarmin ƙoda duka. Sau da yawa ba ta da zafi ƙwarai, don haka likitocin dā su kan ce a ƙyale ta. A shekarar 1976 likitoci biyu a Landan, Blandi da Singh, su ka bi sawun masu irin wannan tsakuwa. Su ka tarar cikin waɗanda ba a yi wa aiki ba, kashi 28 cikin 100 sun mutu cikin shekara 10. Cikin waɗanda aka yi wa aiki kuwa kashi 7 ne. Tun daga nan ra'ayin likitoci ya juya.

Asalin tsoron wuƙa

Tsoron da mutane ke yi gado ne, yana kuwa da dalili. Mutanen dā sun san cire tsakuwa daga mafitsara. Abul Ƙasim Azzahrawi, babban likitan nan na Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya bayyana yadda a ke yi cikin littafinsa Attasrif, har da kayan aikin da ya ƙera. Amma a zamanin babu maganin sa barci, ba a kuma san ƙwayoyin cuta ba, saboda haka da yawa su kan mutu, ƙoda ita kanta kuwa ba mai kusantarta. Sai da aka samu maganin sa barci a 1846, da dabarar kashe ƙwayoyin cuta a wurin fiɗa a 1867, sa'an nan hanya ta buɗe. A 1880 wani likita mai suna Henri Moris ya tsaga ƙodar wata mace a Landan, ya ciro tsakuwa, ta kuwa warke. Daga wancan lokaci zuwa yau aikin sai ƙara sauƙi ya ke yi. Yanzu hanyoyi huɗu ne, bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya mu ga abin da kowace ke yi wa ƙoda.

Hanya ta fari: farfasawa daga waje

An fara wannan a birnin Munik na ƙasar Jamus a shekarar 1980. Ba a yanka ko'ina. Maras lafiya ya kan kwanta, a saita wata na'ura daidai tsakuwar, ta riƙa aika bugun sauti mai ƙarfi yana ratsa jiki, kamar sau 2,000 zuwa 3,000, har dutsen ya ruguje ya zama yashi ya fita da fitsari. Ta fi dacewa da tsakuwar da ba ta kai santimita 2 ba.

Ko da ya ke babu rauni a fata, bugun yana ƙuje naman ƙoda, kamar yadda dūka ke sa jini ya kwanta. Don haka kusan kowa ya kan ga jini cikin fitsarinsa kwana ɗaya ko biyu, aikin ƙodar kuma ya ɗan ja baya, sa'an nan ya dawo cikin 'yan kwanaki. Jini mai yawa ya kan taru gefen ƙoda ga kamar mutum 1 cikin 100, galibi mai hawan jinin da bai sauka ba, ko mai shan maganin tsinka jini. Don rage ƙujewar ne likitoci ke farawa da bugu mai taushi, su kuma tafi a hankali, kamar bugu 60 zuwa 90 a minti. Ba a yi wa mai ciki wannan aiki. Wani haɗarin kuma shi ne ɓarɓashin ya yi jerin gwano cikin bututu ya toshe shi, saboda haka dole a koma a sake hoto.

Hanya ta biyu: bi ta hanyar fitsari

A nan likita ya kan zura wani siririn madubi mai fitila ta mafitar fitsari, bayan an sa mutum barci, ya wuce mafitsara ya hau bututu har ya iske tsakuwar. Sai ya farfasa ta da hasken leza, ya kwaso gutsattsarin da ɗan kwando na waya. Wannan hanya ba ta taɓa naman ƙoda, saboda haka matatu ba su da asara. Abin tsoro a nan bututun ne. In ya ji rauni, ko tsakuwa ta daɗe tana gurzarsa, ya kan warke da tabo ya tsuke, ga mutum kaɗan cikin 100. Tsukewar nan kuwa tana iya toshe ƙoda ba tare da wani ciwo ba. Shi ya sa a kan ce mutum ya dawo bayan mako 4 zuwa 6 a duba ƙodar da hoton sauti, ko da yana jin garau.

Hanya ta uku: huda ta baya

Likitoci biyu na ƙasar Suwidin, Fanstrom da Johanson, su ka bayyana wannan a shekarar 1976. A kan huda ɗan rami a baya, faɗinsa santimita 1 ko ƙasa da haka, ya ratsa naman ƙoda har cikin kwarmi. Ta nan a ke zura madubi, a farfasa dutsen a zuƙe shi. Ita ce hanyar babbar tsakuwa, wadda ta wuce santimita 2, watau tsawon ƙwallon dabino, da kuma mai rassa.

Wanda ya ji an ce huda sai ya zaci ƙodar ta gama yawo. Amma da aka auna tabon da ramin ke bari, sai aka ga ɗan ƙanƙane ne ƙwarai in an gwada da girman ƙodar. Aikinta ya kan ragu cikin kwanakin farko, sa'an nan ya koma yadda ya ke. Ƙodar da ke toshe a dā kuwa sau da yawa ta kan fi dā aiki, don an sauke mata kaya. Asara ta kan ƙaru in tilas ta sa aka huda wuri biyu ko uku, ko in jini ya zuba da yawa, ko zazzaɓi mai tsanani ya biyo baya. Don tsare wannan ne a ke gwada fitsari a kashe ƙwayoyin cuta kafin ranar aiki.

Hanya ta huɗu: fiɗa

Ita ce irin ta Moris, a tsaga kwiɓi a kai hannu ga ƙoda. Inda a ke da na'urorin da mu ka ambata ba a cika yinta ba yanzu, amma har yau tana ceton ƙoda inda babu su, ko inda tsakuwa ta gagari sauran hanyoyi. In dutsen yana cikin kwarmi, kwarmin kaɗai a ke tsagawa, nama ba ya taɓuwa. In kuwa sai an tsaga naman, likita ya kan bi wani layi a bayan ƙoda inda jijiyoyin jini ba su da yawa, ya kuma matse babbar jijiyar da ke kawo jini don ya ga abin da ya ke yi. Ƙoda ba ta jure rashin jini fiye da kamar rabin sa'a, sai fa in an lulluɓe ta da ƙanƙara, sanyi ya rage mata bukata. Cikin hanyoyi huɗun wannan ta fi cin matatu, jiyya kuma ta fi tsawo. Duk da haka abin da ta ke ci bai kai abin da tsakuwa mai rassa za ta ci ba in an bar ta.

In ƙoda ta riga ta mutu fa?

Wani lokaci a kan zo a makare, a auna a tarar ƙodar ba ta yin ko kashi 10 cikin 100 na aikin, ga ta kuma matattarar mugunya. A nan likita ya kan ba da shawara a cire ta ɗungum. Daga irin wannan ne mutane ke cewa aiki ya kashe wa wane ƙoda, alhali gawa likita ya tarar. Tun a 1869 wani likitan Jamus, Gustaf Simon, ya nuna mutum na rayuwa da ƙoda guda. Ya fara gwadawa ga karnuka, sa'an nan ya cire ƙodar wata mace a garin Haidilbag, ta rayu. Wadda ta rage ta kan ƙara girma har ta riƙa yin wajen kashi 70 cikin 100 na aikin biyun, wannan kuwa ya isa mutum ya yi noma, ya yi koyarwa, mace ta haihu. Sai dai mai ƙoda guda ba shi da ta ajiya, ranar da tsakuwa ta toshe ta fitsari zai ɗauke ƙaf. Wanda ya wuni ya kwana bai yi fitsari ba, asibiti nan take.

Yadda a ke aunawa

Gwajin da aka fi yi shi ne na jini, a duba wata dauɗa da a ke kira kiriyatinin. In ta yi yawa, ƙoda ta gaza. Amma gwajin nan aikin ƙoda biyu ya ke nunawa a haɗe, saboda haka yana iya fitowa lafiya lau alhali ɗaya ta mutu. Hoton sauti shi ke nuna kumburi da kaurin naman kowace. A manyan asibitoci kuma akwai wani hoto da a ke yi bayan an ɗura wani ruwa a jijiya, shi ke faɗin rabon aikin da kowace ƙoda ke yi ita kaɗai. Waɗanda ya kamata a fi sa wa ido kafin aiki da bayansa su ne mai ciwon sukari, da mai hawan jini, da tsoho, da mai ƙoda guda, da wanda ƙodarsa ta riga ta raunana.

Abin da ya rage ga maras lafiya

Ƙoda da yawa ba a ɗakin tiyata su ke lalacewa ba, a gida ne bayan an sallami mutum. Abu huɗu ne ke jawo haka.

Na fari, bayan aiki a kan bar wani ɗan bututun roba a ciki, daga ƙoda zuwa mafitsara, don hanya ta zauna a buɗe. Ba a ganinsa daga waje, na ɗan lokaci ne, dole a koma a zare shi. Wanda ya manta da shi har shekara, gishiri ya kan daskare a jikinsa ya zama sabuwar tsakuwa wadda ta fi ta fari muni. Kada a bar asibiti sai an tambaya, an sa mini bututu? Yaushe za a cire? A rubuta ranar a takarda.

Na biyu, ƙin komawa a sake hoto don jiki ya yi daɗi.

Na uku, shan maganin ciwon jiki barkatai, irin su ibufurofen da dikulofenak, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Ƙodar da ke jiyya ba ta ɗaukarsu.

Na huɗu, komawa ga halin dā. Aiki yana cire tsakuwa, ba ya cire dalilinta. Wajen rabin waɗanda su ka yi tsakuwa su kan sake yin wata cikin shekara 10 in ba su kiyaye ba. Babban rigakafi ruwa ne, a sha har fitsarin kwana guda ya kai lita 2 da rabi, ya zama fari ba ja ba, balle lokacin bazara da gumi ke kwashe ruwan jiki. Mai azumi ya rarraba shansa tsakanin buɗa baki da sahur, wanda bai daɗe da yin aiki ba kuwa ya nemi shawarar likita tukuna. A rage gishiri da yawan nama. Lemun tsami cikin ruwa yana taimako. Kada kuma a bar shan nono don an ji tsakuwa ta kalsiyam ce, gama kalsiyam na abinci kāriya ya ke yi. Tsakuwar da aka ciro a kai ta a gwada, don sanin irinta shi ke nuna abin da za a guje wa.

Rabonmu mu malamai

Malamin makaranta ba likita ba ne, amma yana da abin yi. Ya ga akwai randar ruwa mai tsabta a makaranta, kada kuma ya hana yaro fita fitsari. In ya ji yaro na fitsarin jini, musamman a garin da yara ke wanka a rafi ko kududdufi, ya sa a kai shi asibiti, domin tsargiya tana da magani, in an bar ta kuwa ta kan bar tabo a mafitsara da bututun ƙoda, fitsari ya riƙa tsayawa. In kuma wani ya zo ya ce, malam, an ce a yi mini aikin tsakuwa, ina tsoro, kada a ce masa tsoro ba shi da dalili. A ce masa ya koma ya tambayi likita abu uku: tsakuwar ta toshe hanya? Wace hanya za a bi a cire ta? Kwana nawa zan iya jira ba tare da asara ba? Wanda ya guji likita don tsoron tabo ya zauna da tsakuwa a bututu, ya gudu daga gara ne ya faɗa gidan zago. Allah Ya ba mu lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.